Zauren Malam: Ƙawance da makarantun ƙetare, me za mu kai musu?

A fitowar da ta wuce na ambaci, cikin wata magana daban, cewa makarantar 'yan matan da na koyar da labarin ƙasa a Katsina ta taɓa ƙulla ƙawance da wata makaranta a Ingila. Ashe na tono wa kaina aiki. Wasiƙu sun zo da yawa, na zaɓi biyar, na kuma rage tsawon wasu, masu su su yi haƙuri.

Assalamu alaikum Malam. Ina da makarantar kuɗi, firamare da ƙaramar sakandare. Ina so in haɗa ta da wata a Turai ko Amurka. Ta ina zan fara? Kuma gaskiya ne suna aiko da kwamfutoci da littattafai? Daga wata mai makaranta a Gusau.

Wa alaikumus salam Hajiya. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin a nan na yi tuntuɓe, ba na so ki bi sawuna.

Mu ta shirin nan na British Council, hukumar ilimi da al'adu ta Birtaniya, mai suna Connecting Classrooms muka samu abokan hulɗarmu, wata sakandare a yankin Bradford, arewacin Ingila. Da aka ba mu adireshin imel na malamar da za mu yi aiki da ita, muka zauna a ofishin shugabar makaranta mu huɗu, muka rubuta wasiƙar farko. Bayan gaisuwa sai muka jero buƙatu: kwamfuta, janareta, majigi, kujeru, har da motar ɗaukar ɗalibai wani ya ce a saka, ko Allah zai sa a dace. Ni na buga wasiƙar da hannuna, ba zan ɗora wa kowa ba. Mako biyu shiru. Da amsa ta zo, layi uku ne. Matar ta ce makarantarsu ta gwamnati ce, ba ta da kuɗin bayarwa, ita abin da take nema shi ne ajin da zai yi aiki tare da ajinta. Sai ta rufe da tambayar da ta hana ni barci a daren: me ɗalibanku za su koya wa nawa?

Ban taɓa tunanin muna da abin koya wa Bature ba. Shekara ashirin ina riƙe da alli a lokacin.

Abin da ya fitar da mu kunya sanda ce. Na rubuta mata cewa mu auna inuwa. Kowace makaranta ta kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili, a miƙe cak, a ranar da dare da yini suke daidaita, wajen 21 ga Maris, a auna inuwarta lokacin da ta fi gajarta, wato da rana ta take tsaka. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Bradford kuwa kusan digiri 54. Inuwarmu ta fito santimita 23 ko kusa da haka, ko tsawon takalmin babba ba ta kai ba. Tasu ta haura mita 1 da santimita 30, ta fi sandar kanta tsawo. Sai da suka jira kwana uku kafin rana ta leƙo su auna, abin da ya ba 'yan ajina dariya har da riƙe ciki, mu da muke neman inda za mu ɓoye wa rana a watan Maris. Daga nan lissafi ya zo da kansa. Bambancin kusurwar ya kai digiri 41, nisan kudu da arewa tsakaninmu a taswira kusan kilomita 4,500 ne, idan kika raba 360 da 41 kika ninka da wannan nisa za ki samu kusan kilomita 40,000, kewayen duniya ke nan. Wani masani Bagirke mai suna Eratostenis ya yi irin wannan lissafi a Masar sama da shekara 2,200 da suka wuce, tsakanin Iskandariya da Aswan. Abin lura, Hajiya, su ba za su iya wannan lissafin ba sai da lambarmu, mu ma ba za mu iya ba sai da tasu. Ranar da malamar ta rubuto tana cewa yaranta suna jiran awonmu, ranar na san mun zama abokai, mun tashi daga almajiran ƙofar gida.

Bayan sanda muka yi ruwan sama. Robar ruwa muka yanke, muka kifa bakinta a ciki kamar mazurari, muka manna mata ruler. Shekara guda ana rubutawa kullum. Jadawalinmu ya fito kamar tozon raƙumi: babu komai daga Nuwamba har Afrilu, sai ya tashi a Yuli da Agusta, ya faɗi a Oktoba. Nasu kuwa babu watan da ya fita babu ruwa. Yaransu suka tambaya, to me kuke ci wata shida babu ruwa? Wannan tambaya ita ta kai mu ga rumbu. Na tura yarana gida su tambayi kakanninsu yadda ake ajiye gero da dawa a damminsu, yadda ake shanya kuɓewa da tumatir da kuka, dalilin da ya sa ake ɗora rumbu a kan duwatsu. Wata yarinya ta zo da zane da bayani shafi huɗu daga bakin kakarta ta Ɓatsari. Ita ce yarinyar da a da ba ta cika layi biyar a insha'i.

Sai azumi ya zo, ya faɗo a watan Yuni a shekarun nan na 2015 zuwa 2017. A nan namu yaran suka sha mamaki. A zatonsu duk wanda ke Ingila Bature ne, Kirista, mai kuɗi. Sai ga wasiƙu daga su A'isha da Muhammad, jikokin mutanen Pakistan da suka je Bradford aikin masaƙa tun shekarun 1950 da 1960, suna cewa ba sa shan ruwa sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare, azuminsu ya haura awa 18. Mu a Katsina wajen awa 14 muke yi muna kukan zafi. Wata ta rubuto cewa babanta direban tasi ne, ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannenta biyu. Ajin ya yi tsit. Su kuma can sun daina tambayar ko zaki yana shigowa makarantarmu, bayan da yarana suka amsa musu cewa mu ma sai mun je gidan zu na Kano muke ganinsa.

To ta ina za ki fara? Ki fara daga cikin gida. Ki nemo malami biyu, ba ɗaya ba, masu son abin don kansa. Ku zaɓi aji ɗaya da aiki ɗaya wanda yake cikin manhajarku, wanda za a gama a zango ɗaya. Sannan ki nemi abokai. British Council tana haɗa makarantu. Akwai iEARN, wadda ta faro a 1988 da haɗa makarantun Mosko da na jihar New York ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, yanzu tana ƙasashe da dama. Akwai kuma tsarin makarantun ƙawance na UNESCO da ya faro tun 1953, wanda ake shiga ta hukumar UNESCO ta ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ta tarayya. Amma hanyar da na ga ta fi ɗorewa ita ce ta mutum: tsohon ɗalibinki ko ɗan garinku da yake zaune can, 'ya'yansa suna wata makaranta, ya gabatar da ku ga malamarsu. Zumunta a ƙafa take, ko ta imel ce.

Kwamfuta kuwa, in ta zo ki karɓa ki gode. Kada dai ta shiga wasiƙar farko, ko ta biyar.

Malam, barka da aiki. An aiko mini takarda daga makarantar 'yata cewa za su riƙa musayar wasiƙu da hira ta bidiyo da yaran wata ƙasa. Ni gaskiya hankalina bai kwanta ba. Muna fama da tarbiyya a gida, kuma a kawo mana wata al'ada? Daga wani uba a Zariya.

Alhaji, ban ga laifinka ba, kuma duk makarantar da ta ɗauki wannan damuwa a matsayin ƙauyanci ba ta san aikinta ba. Ni ma uba ne, yanzu har da jikoki.

Ka je makarantar da ƙafarka, kada ka aika. Ka tambayi wane ne yake karanta wasiƙun kafin su fita da kuma bayan sun shigo. A namu tsarin babu yarinyar da ta taɓa ba da lambar waya ko adireshinta, komai ta hannun malami yake bi, sunan farko kawai ake sawa. Hira ta bidiyo aji da aji ake yi, malamai na tsaye a ɓangarorin biyu, ba yarinya ita kaɗai da waya a ɗaki ba. Hoto ba ya fita sai uba ya sa hannu, kuma akwai iyayen da suka ce ban da hoton 'ya'yansu, aka bi maganarsu, yaran suka ci gaba da rubutu abinsu. Za ka yi mamaki in na ce maka makarantun Ingila sun fi mu tsanani a wannan fanni. Dokar kare yara a wurinsu ba wasa ba ce, su suka fara aiko mana da sharuɗɗa tun kafin mu yi tunanin namu. In makarantar 'yarka ta kasa amsa waɗannan tambayoyi, ka riƙe sa hannunka har sai ta iya.

Batun al'ada kuwa, bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Yarinyar da aka tambaya me ya sa kuke durƙusawa in za ku gai da manya, ko me ya sa ake yanka rago ranar suna, dole ta koma gida ta tambaya, domin ita ma ba ta sani ba, yi kawai take yi. Na ga yara sun koma wurin malaman Islamiyyarsu suna neman hujjar abin da suke yi tun suna ƙanana, don kada su ji kunya a gaban baƙi. Wayar da ke hannun yaranmu ta riga ta kawo musu duniya har cikin ɗaki, ba sallama, ba mai tacewa. Wannan kuwa ƙofa ce da malami ke zaune a bakinta.

Kuma hulɗar ilimi da ƙetare ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko shehunnai daga Sudan su koyar. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, wadda kowa ya sani da SAS. Alƙalai da malaman Arewa da yawa daga hannun waɗannan baƙi suka fito. A tsakiyar shekarun 1950 aka tura wasu ɗalibanta, cikinsu har da Sheikh Abubakar Gumi, zuwa kwalejin horon malamai ta Bakhtar Ruda a Sudan. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Landan karatun koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya da shekara guda. Babu wanda ya dawo ya mance hanyar masallacin unguwarsu.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, tunda maganar ta zo. Musayar wasiƙa daban, tura yaro ƙetare daban. Akwai shirye-shirye na gaskiya, kamar YES wanda majalisar Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, wanda ya ɗauki yaran sakandare daga jihohin Arewa suka yi shekarar karatu guda a gidajen Amurkawa. Ta jarrabawa da tantancewa ake shiga, ba a sayen gurbi. Duk wanda ya zo maka da fom yana cewa ka kawo dubu ɗari kaza a saka sunan 'yarka a jirgin musayar ɗalibai, ka riƙe kuɗinka, ka riƙe 'yarka.

Malam, duk wannan zance na 'yan birni ne. Ni makarantarmu ba wuta, ba intanet, yarana 'yan aji shida da ƙyar suke haɗa jimla da Turanci. Mu ina namu rabon? Daga wani malamin firamare a wani ƙauye arewa da Katsina.

Malam, kai ka fi kowa kusa da ƙasar waje, ba ka dai lura ba ne. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai daga Katsina zuwa Kano ba. Wata ƙasa ce, da tutarta, da kuɗinta, da tsarin karatunta, kuma yaran can za su karanta wasiƙar yaranka ba tare da tafinta ba. Na daɗe ina mamakin yadda muke tsallake Nijar mu hango Landan.

Kada ka ce ai duk ɗaya muke, babu abin koyo. Ka sa yaranka su tambayi na can yadda ake kiran makaranta, za su ji lakwal. Malami mushe ne, littafin rubutu kaye, biro kuwa bik. Mu Turancin Ingilishi ya shigar mana baki, su Faransanci, yaro zai gane da kansa cewa kalmar da yake zaton Hausa ce tsantsa aro ce, kuma zai tambayi dalili. Daga nan ka shiga tarihin yadda Ingila da Faransa suka ja layi a tsakiyar ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ko a rubutu akwai bambanci: inda muke rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama, su harafin y mai lanƙwasa suke sawa.

Ga darasin lissafi kyauta. A Nijar dala sefa 5 ce, jaka kuwa sefa 1,000. A wurinmu in tsoho ya ce jaka, naira 200 yake nufi. Ka sa kowane aji ya je kasuwar garinsu ya rubuto farashin tiyar gero, da kwalbar man gyaɗa, da sabulu, ku yi musaya, yara su juya sefa zuwa naira da canjin ranar. Yaron da ya iya wannan ya fi wanda ya haddace jadawalin sau bai san inda zai yi amfani da shi ba.

Inda abin ya fi daɗi, ya kuma fi buƙatar hankali, shi ne tarihi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsohuwar zuriyar sarauta ta yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkinsu. Labarin da kaka take ba jikanta a Maraɗi game da waɗannan shekaru ba shi ne wanda ake bayarwa a Katsina ba. Yaro ya ji cewa abu ɗaya ya faru amma ana ba da shi iri biyu, kuma masu ba da ɗayan 'yan'uwansa ne ba abokan gaba ba, wannan shi ne fahimtar juna da ake ta buga ganga a kai a manyan taruka. Sai dai ka bi a hankali, kai malami ne, ba alƙalin kakanni ba.

Yadda za a yi kuwa ba wuya. Wayarka ɗaya ta isa: yara su rubuta a takarda, ka ɗauki hoto, ka tura ta WhatsApp ranar da ka shiga gari, na can ya kwafa a allo. In ka fi son takardar ta isa hannu, direbobin tasha da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga suna nan, in iyaka a buɗe take. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, saboda haka kada ka dogara da hanya ɗaya. Yara kuwa kada ka ɗauke su ka hau wannan titi da sunan ziyara a halin tsaron da ake ciki. Ka sanar da hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce kafin ka fara, tunda magana ce ta tsallaken iyaka. Ka kuma tuna su sai Oktoba suke komawa makaranta, kada ka aika a Satumba ka ce sun yi maka shiru.

A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Malamansu suna neman Ingilishi, namu yaran ana koya musu Faransanci a takarda ba su taɓa jin mai magana da shi ba. Kowa yana riƙe da abin da ɗayan yake nema. In Maraɗi ba ta samu ba, akwai Damagaram, akwai Ƙonni ga mutanen Sakkwato, akwai Garwa a Kamaru, akwai makarantun zango a Kumasi da Nima ta Ankara a ƙasar Ghana.

Baba Malam, ina aji biyar a sakandare. An ce shiga irin wannan shiri yana ba mutum ƙwarewar da ake nema a duniya. Zai taimake ni in samu karatu ko aiki a waje? Daga wata ɗaliba a Bauci.

'Yata, ba zai ba ki biza ba, ba zai maye gurbin kiredit ɗinki na lissafi da Ingilishi a WAEC ko NECO ba. Wannan ki sa shi a gefe.

Abin da zai ba ki ƙanana ne a ido. Za ki koyi amsa saƙo a ranar da kika ce za ki amsa. Za ki koyi cewa ban gane ba, a sake, maimakon gyaɗa kai. Za ki saba da jin Ingilishi daga bakin da ba irin na malaminku ba. Mafi girma, za ki koyi bayyana abu ga wanda bai san komai a kansa ba. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta cewa mahaifiyarta ba ta kiran sunan yayanta. Yaran can suka ɗauka faɗa suke yi, har wata ta rubuto tana ba ta haƙuri. Sai da ta sake wasiƙar sau huɗu kafin ta iya fahimtar da su ɗan fari da alkunya, cewa rashin kiran sunan ba ƙiyayya ba ce, kawaici ne da ke rufe so. A wasiƙa ta huɗu babu kalmar da ta yi yawa. Yau ma'aikaciyar jinya ce, kuma na tabbata haka take yi wa majinyata bayanin magani.

In makarantarku tana yi, ki shiga, ki kuma ajiye kwafin duk abin da kika rubuta. Ranar da za a ce ki rubuta takardar neman tallafin karatu, za ki samu abin faɗa wanda ya faru da gaske.

Malam, mun fara da wata makaranta a Jamus, shekara ɗaya abin ya yi armashi, sai suka daina amsawa. Mun aika saƙo ya fi biyar. Mun yi musu laifi ne? Daga wani mataimakin shugaban makaranta a Haɗeja.

Wataƙila ba ku yi ba, Malam. Mafi yawan ƙawancen da na ga ya mutu, mutum ɗaya ne yake ɗauke da shi a kowane ɓangare. Malamar can ta tafi hutun haihuwa ko ta canja makaranta, akwatin imel ɗinta ya rufe, saƙonninku suna faɗawa rijiya. Ku rubuta wa shugaban makarantar kai tsaye ta adireshin ofis, gajeren saƙo, ba ƙorafi, ku haɗa da aiki ɗaya da yaranku suka riga suka gama da kuma ranar da kuke so ku fara na gaba. Ku duba kalandarsu kuma. A Jamus kowace jiha da lokacin dogon hutunta, yana faɗawa tsakanin ƙarshen Yuni da tsakiyar Satumba. Mu ma muna ɓace musu da azumi da salla biyu ba tare da mun faɗa ba, su zauna suna zaton su suka yi laifi.

Ku kuma binciki saƙonninku na baya da gaskiya. In uku cikin biyar akwai roƙo a ciki, ko maganar yaushe za a gayyace mu, to kun san inda gizo yake saƙa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malamai. Yawancin shirye-shiryen nan da kuɗin gwamnatocin can suke tafiya, kuma kuɗin yana bin siyasarsu. A Ingila an haɗe ma'aikatar raya ƙasashe ta DFID da ma'aikatar harkokin waje a 2020, a 2021 aka rage kason tallafin ƙetare daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Ga korona da ta rufe makarantu ko'ina a 2020. Ƙawancen da aka gina a kan tikitin jirgi bai tsallake waɗannan shekaru ba.

Namu ma ya mutu, kada ka ce ina yi maka wa'azi daga kan tudu. Shekara shida muka yi. Malamar ta zo Katsina sau ɗaya, ta ga hasumiyar Gobarau, ta sha fura, ta koyar da aji mai yara 90 ta fito tana zufa tana tambayata yaya muke yi kullum. Wanda zai je daga ɓangarenmu takardunsa ba su fito ba sai da lokacin ya wuce. Daga baya aka yi mini canjin wurin aiki, kuma laifina ne, ban horar da kowa ba, kalmar sirrin imel ɗin ma a kaina take. Wanda ya gaje ni ya aika saƙo biyu ya gaji. Da na koma makarantar bara wajen taron yaye ɗalibai, na tarar da sandar tana nan a bayan ɗakin gwaje-gwaje inda muka kafa ta da siminti, masu shara suna rataya tsintsiya a jikinta. Na tambayi sabon malamin labarin ƙasa ko ya san ta mece ce, ya ce a zatonsa ragowar turken tuta ne. Na karɓi lambarsa. Mun yi da shi zan je ranar 21 ga Maris da tef ɗin awo, shi kuma zai nemo wani mushe a Damagaram da zai kafa tasa.